Wata Yarinya da Na Sani

Alhamis, da yamma

'Yata Tsuntsuwa ba ta jira ni a bakin ƙofar makaranta ba yau. Mai gadi ya ce ana kaɗa ƙararrawar tashi ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba. Na iso gida na tarar da takalmanta a ƙofar ɗaki, ɗaya a kife, ɗakin kuma a kulle. Na ƙwanƙwasa, ta ce kanta ke ciwo.

Taron 'yan mata na safe a kan jinin al'ada ya yi kyau ƙwarai. Dole in rubuta wannan, don gaskiya ne. Tun da na fara aikin ba ɗalibai shawara ban taɓa ganin zauren taro ya yi tsit haka ba, ban kuma taɓa jin ya ɓarke da dariya haka ba. Shugabar makaranta ta riƙe hannuna a gaban malamai ta ce Allah ya ba ni bakin magana da yara. Malamar lissafi kuwa kallon mayafina kawai take ta yi.

Na dafa wa yarinyar abin da ta fi so. Yana nan a rufe a kan tebur.

Juma'a, da sassafe

Ba ta taɓa abincin ba. Ta ce ba za ta makaranta ba. 'Yata ce tilo, shekararta goma sha uku, ban taɓa jin wannan magana a bakinta ba. Yarinyar da ko zazzaɓi take yi sai an ɓoye mata jaka kafin ta yarda ta kwanta.

Ban faɗi sunanta ba. Ban faɗi sunan kowa ba. "Wata yarinya da na sani" na ce, kamar yadda na saba.

Juma'a, a ofis, yara sun fita shan iska

Malamar lissafi ta shigo ta tura ƙofa ta rufe. Ba ta zauna ba. Ta tambaye ni ko na tuna wata safiya a zangon da ya wuce da Tsuntsuwa ta shigo aji da mayafi mai ɗigo-ɗigo ɗaure a ƙugu, ta ce wa 'yan ajinsu zip ɗin siket ɗinta ne ya lalace. Na ce na tuna, ai ni na ɗaura mata a cikin mota. Ta ce to, ajin gaba ɗaya sun ga mayafin ranar, kuma sun yarda da maganar zip. Sai jiya na tsaya a gaban makaranta baki ɗaya, na zare mayafin nan daga kafaɗata, shi ɗin dai, na nuna musu yadda uwar "wata yarinya" ta ɗaura mata.

Ni misali nake yi da abin da ke hannuna. Haka aka koya mana a kwaleji, a nuna wa yaro abu ya gani da idonsa, ya fi a yi ta zuba masa bayani.

Ta ce ba mayafin ne ya fi damun yarinyar ba. Muryar ce.

Na kwaikwayi muryar. Na manta na yi, sai da ta faɗa.

Asabar, da hantsi

Na cusa mayafin a ƙasan akwati.

Lahadi, da rana

Inna ta zo ba ta sanar ba. Ashe Tsuntsuwa ce ta kira ta da wayar maƙwabciya. Ta shiga ɗakin jikarta suka daɗe, ni ina falo ina ta goge teburin da na riga na goge. Da ta fito sai ga yarinyar a bayanta da jakar makaranta da wata leda cike da kaya. Inna ta ce za ta tafi da ita ta ɗan kwana biyu, gidanta ya yi mata shiru da yawa, tana son mai ɗebe mata kewa.

Na fara bayani. Na ce niyyata alheri ce, akwai yara marasa uwa a makarantar nan da ba su da mai gaya musu komai, in abin ya zo musu sai tsoro da ɓoye-ɓoye. Inna ta saurare ni har na kai aya, abin da ba ɗabi'arta ba ne, sannan ta ce, "Rediyo, kin yi sadaka, amma da zanen da ba naki ba."

Tun ina 'yar firamare take kira na Rediyo. Da can dariya sunan ke ba ni.

Tsuntsuwa ta durƙusa ta yi mini sallama kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Ba ta ɗago kai ba.

Talata, bayan an tashi

Ta koma makaranta jiya, daga gidan Inna take zuwa. Ta canza hanya don kada ta bi ta gaban ofishina, har ta bayan ɗakin gwaje-gwaje take zagayawa inda ciyawa ta yi tsawo. Ta taga nake hango ta. Gashinta ya fito ta ƙasan ɗankwali, da alama Inna ba ta iya kama shi ba, idon tsohuwar ya yi rauni.

Yau ina wucewa ta barandar ajinsu na ji. Wata ce daga kujerun baya ta siranta murya ta ce, "Umma, mutuwa zan yi?" sai ajin ya ɗauka. Yadda na faɗe shi a zauren taro, haka ta faɗe shi, har da ɗan karkarwar da na sa a ƙarshe. Ta fi ni iyawa ma.

Ranar mayafin, a mota Tsuntsuwa ta faɗa mini wannan maganar, bakinta a kunnena, don kada direba ya ji.

Laraba, da safe

Na kai yarinyar kujerar baya wurin mai horo. An sa ta share filin wasa.

Laraba, da yamma

Bai kamata in kai ta ba. Yanzu an ƙara wa Tsuntsuwa suna na biyu, 'yar malama mai kai ƙara. Ƙawarta ta kusa, wadda suke raba biskit tun suna aji ɗaya, ta ɗauke jakarta ta koma wani benci. Malamar lissafi ta ce in yi wa Allah in cire hannuna daga ajin nan, duk inda na taɓa sai ya ƙara kumbura.

A bangon ofishina akwai kwalin da na rubuta da hannuna da jan alƙalami, an yi masa ado da furanni: abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsaya. Na yini ina juya masa baya. Ban taɓa fitar da maganar ɗiyar kowa ba. Ɗiyar kowa.

Juma'a, da rana tsaka

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, taron ya yi aiki. Tun ranar nan ofishina bai rabu da yara ba. Su zo biyu-biyu suna tura juna, su tsaya suna wasa da bakin hijabi, can sai ɗaya ta ce, Malama, ni ma irin na yarinyar nan ne ya same ni. Wata 'yar aji ɗaya, uwarta ta rasu tana goye, ta ce wata uku tana zaton wata muguwar cuta ce ta kama ta, ba ta gaya wa kowa ba sai da ta ji labarin. Na rungume ta, na yi mata bayani dalla-dalla, na ba ta abin da take buƙata daga cikin durowa. Ta fita tana murmushi.

Na ji daɗi. Na rantse na ji daɗi, har na kama kaina ina shirya yadda zan gaya wa Inna, in ce kin gani ko. Sai na tuna in na gaya mata, labarin wannan marainiyar ma na fitar ke nan.

Bakin nan nawa.

Asabar, da yamma

Babanta ya kira daga wurin aiki. Ashe sun yi magana da ita tun jiya. Ta roƙe shi ya canza mata makaranta in zango ya ƙare, ta kuma ci gaba da zama wurin Inna. Ya ce bai amsa ba, bai kuma hana ba. Ya ce in zango ya ƙare tana kan bakanta, shi ba zai tilasta mata ba.

Na ce ai uwa ba ta laifin da za a raba ta da 'yarta. Ya ce a hankali, ba da faɗa ba, ko na san shi ma ya daɗe da daina gaya mini wasu abubuwa. Wai ranar da ya ji labarin tsoron allurarsa a bakin matar abokin aikinsa, a matsayin "wani magidanci da na sani", ya gane gidanmu ba shi da ƙofa. Ya yi dariya don ya sassauta maganar. Ni ban iya yi ba.

Shi ya sa mata Tsuntsuwa, don tana ƙarama ba ta cin abinci sai tsattsaga. Ni kuwa har wannan na taɓa bayarwa a taron iyaye, a kan yaran da ba sa son cin abinci. An yi dariya ranar ma.

Litinin, da safe

Na leƙa ɗakinta. Ta bar burushinta da silifas ɗin wanka. Na ɗauki wannan a matsayin alama mai kyau. Na san ba alamar komai ba ce.

Talata, bayan an tashi

Shugaba ta kira ni ofishinta, fuska a sake. An shirya taron malamai masu ba da shawara na makarantun yankinmu, ta ba da sunana. Tana son in maimaita jawabin nan kamar yadda na yi shi, kada in rage komai, musamman wurin mayafin. Ta ce can ba wanda ya san yarinyar, saboda haka babu matsala. Ashe ita ma ta sani. Kowa ya sani.

Na ce zan yi tunani. Ban ce a'a ba. Ina son in rubuta cewa na ce a'a nan take, amma ban ce ba. A hanyar gida har na ji kaina ina gyara jimlolin, ina tunanin in sa mayafi kore a maimakon mai ɗigo-ɗigo.

Alhamis, da yamma

Na je gidan Inna da 'ya'yan itace da sabon kum. Na tarar da su a tsakar gida, Inna a kan tabarma tana tsintar shinkafa, Tsuntsuwa tana sa mata zare a allura suna musu a kan wa ya fi wani gani. Ina shiga musun ya mutu.

Na zo da shiri. Na ce mata na yi tunani sosai, ranar Litinin in an taru a fili zan hau mumbari in ba ta haƙuri a gaban makaranta baki ɗaya, in nuna wa yara cewa babba ma yana kuskure, kuma neman gafara ba ƙasƙanci ba ne. Ina faɗa ina jin yadda zai yi kyau.

Ta ajiye allurar. Karon farko ke nan da ta dube ni tun ranar taron.

"Wato ki sake tara su a kaina."

Na ce ba haka nake nufi ba.

"Umma, komai nawa darasi ne a wurinki. In na faɗi jarrabawa darasi ne, in na yi kuka darasi ne. Ke ba abin da ya taɓa samun ki ne? Me ya sa ba ki ba su naki ba?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta saya ta, abin da ya fi bugawar ciwo.

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, nawa labarin yana nan a cikinta tun ina kamar yarinyar nan, har da abin da na yi da labulen ɗakinta ranar da na fara ganin jinin, ko na taɓa jin sa a bakin wani? Na ce a'a. Ta ce ko mahaifina ya koma ga Allah bai sani ba. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Na manta da labulen. A'a. Ban manta ba.

Na baro kum ɗin a kan taga.

Juma'a, da sassafe

Ban taɓa ba da nawa ba. Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane ba abin kunya ba ne.

Lahadi, da rana

Na wanke labulayen gidan duka ba tare da sun yi datti ba. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko baƙi za mu yi. Ta kuma tambayi ina 'yar tawa, kwana biyu ba ta jin waƙarta a banɗaki. Na buɗe baki zan ba ta labarin tun daga farko, har na ji daɗin yadda zan tsara shi, sai na ce tana wurin kakarta. Ta tsaya tana jiran sauran. Na ci gaba da matse labule.

Ashe shiru aiki ne. Har gumi na yi.

Talata, da rana

Na gaya wa Shugaba ba zan ba da labarin nan a taron malamai ba, ko da an canza launin mayafin. Ta ce to me zai rage a jawabin, ai shi ne gishirin. Na ce zan nemo wani gishirin. Ba ta ji daɗi ba, ta ce in kawo mata abin da zan faɗa ta gani tukuna, in bai yi ba za ta tura wata. Mai yiwuwa ta tura wata ɗin.

Tsuntsuwa ba ta san an yi wannan ba. Ina ta neman hanyar da za ta ji ba tare da na faɗa ba, sai na gane wannan ma wani salon Rediyo ne. Na bari.

Alhamis, bayan darasi na ƙarshe

Yau nake da 'yan aji uku, manyan 'yan mata, masu ganin sun san komai. Ba ajin Tsuntsuwa ba ne. Muna cikin darasi wata ta ce, Malama, ba mu labarin wata yarinya da kika sani mana. Suka ƙyalƙyale. Na san abin da suke nufi.

Na ce yau yarinyar ni ce.

Na ba su na labulen. Ban san haka abin yake ba. Harshena ya yi nauyi, ni da nake tsayawa gaban iyaye ɗari ko gezau. Babu ado, babu kwaikwayon murya, ban ma iya kai shi ƙarshe yadda ya kamata ba. Sun yi dariya a wurin da na san za su yi. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ji ta har tafin ƙafata.

Ni da bakina na bayar, ina babba, bayan shekaru masu yawa, a gaban aji ɗaya tak. Tsuntsuwa kuwa ranar taron tana zaune a tsakiyar zaure, ƙawayenta na dama da hagu, ba wanda ya tambaye ta.

Na shiga banɗakin malamai na daɗe.

Litinin, yara sun fita shan iska

Yanzu in na wuce baranda sai in ji ana raɗa "labule". Wata ma ta ja labulen ajinsu ta yafa a kai. Ban kai kowa wurin mai horo ba.

Malamar lissafi ta ce tsokanar da ake yi wa Tsuntsuwa ta fara lafawa, yara ba sa riƙe abin wasa biyu a hannu. Ba don haka na yi ba. Ko kuwa don haka ne, ban sani ba.

Laraba, da yamma

Ina haɗa takardu zan tashi sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Tsuntsuwa ce, ba ta shigo ba, ta jingina da ƙyauren tana kallon kwalin bango. Gashinta a gyare, da alama kum ɗin ya yi aiki.

Ta ce ta ji an ce muryata ta yi ta rawa. Na ce ta yi.

"Sun yi dariya?"

"Sun yi."

"Da zafi ko?"

"Da zafi."

Ta gyaɗa kai kamar likitar da ta tabbatar da abin da take zato. Na ji jawabi cikakke ya taso mini har maƙogwaro, da gabatarwa da misalai da kammalawa. Na haɗiye shi. Na ce, "Ki yafe mini." Iyakar abin da na ce ke nan.

Ta tambaya ina mayafin yake. Na ce yana ƙasan akwati. Ta ce nata ne, kada in sake yafa shi. Na ce to.

Ta tafi ta bi ta gaban ofis, ba ta zagaya ta ciyawa ba.

Juma'a, da yamma

Jarrabawa ta kusa, zango ya zo ƙarshe. Babanta ya ce ba ta sake tayar masa da maganar canjin makaranta ba, amma ba ta ce ta janye ba. Ya ce kada in tambaye ta. Na ce ba zan tambaya ba. Ya ce, "Malama, ke ce kuwa?"

Asabar, da hantsi

Inna ta kawo ta. Ta ce ta gaji da mai cinye mata sukari da gyara mata magana, in riƙe kayata zuwa Litinin ta huta. Leda ɗaya kawai yarinyar ta zo da ita, sauran kayan suna can. Na lura, ban ce komai ba.

Ta shiga ɗakina da kanta ta buɗe akwatin, ta ɗauki mayafin, ta kai ɗakinta. Ban san inda ta sa shi ba.

Lahadi, bayan cin abincin rana

Muna wanke-wanke, ni ina wankewa tana ɗaurayewa. Ta ci abinci yau, kaɗan dai, irin cinta. Ruwa yana ta zuba. Sai ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, idonta a kan kofin da ke hannunta, ta rage murya ta gaya mini wani abu.

Ba babban abu ba ne. Ƙila ma gwada ni take yi. Da ta gama ta saci kallona ta gefen ido tana jira. Na ce na ji, na miƙa mata faranti na gaba.

Abu ne da zai yi wa 'yan aji biyu amfani ƙwarai, na san ma ranar da zai dace da darasinsu.

Ba zan rubuta shi a nan ba.